Layin da Aka Bar wa Colin

Iris Moffett tana cikin naɗe wa wata mata burodin zabibi sai Dympna McAleer ta shigo shagon, lemarta na ɗigar ruwa a kan daɓen da aka goge da safe. Ba ta shiga layi ba. Ta koma gefe kusa da akwatin gilashin da ake jera kek, ta tsaya tana jira mutane su ragu. Duk wanda ya san Dympna ya san jira ba halinta ba ne, shi ya sa Iris ta fara satar kallonta tana ba mutane canji.

Ranar ƙarshe ce ta watan Oktoba, ranar da kowane gida ke neman burodin nan da ake ɓoye zobe a ciki, don haka sai wajen sha ɗaya shagon ya yi sauƙi. Dympna ta matso, ta zaro farin ambulan daga jaka, ta ajiye a kan kanta, ta tura shi da yatsu biyu.

"Ga shi, Iris. Tun makon jiya na so kawowa, amma kin san yanzu rabin rayuwata a asibiti take. Yau za a kai takardun gaban bagaden coci, kafin addu'ar Mas ta ƙarfe biyar."

Iris ta goge hannu a jikin rigar aikinta, amma ba ta taɓa ambulan ɗin ba. An buga baƙin gicciye a jikinsa, a ƙasa an rubuta cewa jerin matattu ne na watan Nuwamba, sai sunan cocin Katolika da ke kan tudu.

"Ina jin kin yi ɓatan kai, Dympna," in ji ta.

A garin nan, kamar sauran ƙananan garuruwan Ireland ta Arewa, mutum yakan san cocin maƙwabcinsa tun kafin ya san sunan karensa. Iris 'yar Furotestan ce gaba da baya. Mijinta Mervyn ya yi shekara ashirin da biyu yana dattijon coci kafin zuciyarsa ta tsaya a watan Yuni. Shi da Malachy, mijin Dympna, sun shekara talatin suna tuƙa tankar madara a kamfani ɗaya, suna cin abincin rana a kan benci ɗaya, amma ko sau ɗaya Mervyn bai taɓa taka ƙofar cocin su Malachy ba. Idan an yi musu rasuwa, a bakin ƙofar shinge yake tsayawa da hula a hannu har a fito da gawa. Ba wanda ya taɓa jin haushinsa, haka aka saba.

Dympna ta dubi fuskar Iris, ta ga ba wasa take yi ba, sai nata murmushin ya gudu.

"Maryamu uwar Allah. Mervyn bai gaya miki ba?"

Ta so ta janye ambulan ɗin, amma Iris ta riga ta ɗora hannu a kai. Ta buɗe. Takarda ce guda mai layi goma sha biyu. An cike sha ɗaya da rubutun Dympna mai karkata: iyayenta, iyayen Malachy, wata ƙanwa, wasu kawunai. Layin ƙarshe babu komai.

"Na Colin ne," in ji Dympna, murya ƙasa ƙasa. "Kowace shekara Malachy ke barin layin, Mervyn ya rubuta da hannunsa. Na ɗauka kin sani. Da na ga dama da na rubuta da kaina, amma ba na so in ɗauki mamacin wasu ba da izininsu ba."

Colin shi ne ɗan Iris tilo. Shekara goma sha huɗu ke nan da ya daki bangon gadar kogi da motar abokinsa, yana ɗan shekara sha tara, da giya a cikinsa, kuma likita ya ce ko numfashi biyu bai ƙara ba. Tun yana sha shida ya daina zuwa coci. Mako guda bayan jana'iza Iris ta durƙusa a gaban gadonsa, ta fara roƙon Ubangiji ya gafarta masa, sai ta ji motsi a bayanta. Mervyn ne tsaye a bakin ƙofa da safa a ƙafa. Ya ce, "Tashi, Iris. Ba a yi wa matattu addu'a a gidan nan. An rufe littafinsa." Ta tashi, addu'ar ta tsaya a tsakiya. Tun daga ranar ba ta ƙarasa ta ba, domin abin da aka koya mata ke nan ita ma tun tana ƙarama, kuma ba ta taɓa kama Mervyn da faɗin abin da bai yarda da shi ba.

Abin mamaki, ba kuka ne ya fara zo mata ba. Tambayoyi ne suka cika mata kai, kamar wadda ta buɗe kabad ɗin da ta shekara arba'in tana gogewa ta tarar da wata ƙofa a bayansa. Me ake yi da sunayen? Wa ke karantawa? Da wane alƙalami ya rubuta, kuma a ina? Ta ninke takardar, ta sa a aljihu, ta shiga ciki ta gaya wa mai shagon cewa tana bukatar sauran yinin. A shekara goma sha tara ba ta taɓa neman haka ba, don haka bai ko tambaye ta dalili ba.

Dympna ta ce za ta hau bas ɗin sha biyu da rabi zuwa asibitin Omagh wurin Malachy. Iris ta ce ta jira ta a tasha, akwai inda za ta biya.

Ta tarar da Rabaran Nesbitt a zauren coci yana jera kujeru shi kaɗai, ya naɗe hannun riga. Saurayi ne, shekararsa biyar a garin, mai kirki, irin limaman da ke tuna sunan maganin da kowace tsohuwa ke sha. Ya ajiye kujerar da ke hannunsa, ya tambayi gwiwarta. Ta ce gwiwa na nan yadda take, sannan ta tambaye shi kai tsaye: idan mutum ya yi wa mamaci addu'a, zunubi ya yi, ko dai ɓata lokaci kawai?

Ya ɗauka kewar Mervyn ce ke damunta, sai ya zaunar da ita, ya yi mata bayani a hankali. Ya ce abin da Yesu ya yi a kan gicciye cikakke ne, babu sauran da aka bar wa mutum ya ƙarasa bayan mutuwa, kuma duk wanda ya ce akwai saura, kamar yana cewa aikin bai isa ba ne. Ya tuna mata da ɓarawon da aka gicciye a gefensa, wanda aka yi wa alkawarin shiga aljanna a ranar, ba a ce ya jira a wani wuri ba. Ya ce wannan ba takura ba ce, hutu ne. Mervyn ya isa gida, ba ya bukatar komai daga hannunta.

"Ba Mervyn nake nufi ba, Rabaran."

Bai san Colin ba sai a jikin dutsen kabari, amma ya ji labari.

"Misis Moffett, ba wanda ya san abin da ke wucewa tsakanin mutum da Allah a numfashi ɗaya. Ni ba zan ce miki ga inda yake ba, kuma duk wanda ya ce miki ya sani ya wuce gona da iri. Abin da na sani shi ne, ko mene ne, an riga an gama. Hannunmu ba ya kaiwa can."

"Kowace Lahadi kana sa gwiwata a addu'a."

"Gwiwarki tana duniya," in ji shi, ya ɗan yi murmushi, amma ta ga abin bai yi masa daɗi ba.

Ba ta nuna masa ambulan ɗin ba. Ta gode masa da gaske, domin a shekara goma sha huɗu shi ne na farko a cocin da ya ce bai sani ba. Ta taya shi jera kujeru biyu don kada ta fita haka kawai, sannan ta gangara tasha.

Bas ɗin cike yake da ƙamshin jiƙaƙƙun riguna. Suka zauna kujera ɗaya, abin da bai taɓa haɗa su ba duk da shekarun da suka yi suna gaisawa. Da suka zo gadar kogi, kowace ta kau da kai daga taga. Sai da suka hau babban titi Iris ta ce a yi mata bayanin wurin jiran nan da 'yan Katolika ke cewa matattu na tsayawa a ciki kafin su shiga sama, domin abin da ta sani a kansa duk daga bakin waɗanda ba su yarda da shi ba ta ji.

Nan Dympna ta dawo Dympna. Ta gyara zama, ta ɗora jaka a cinya.

"Ku ai hanya biyu kawai kuke da ita, sama ko ƙasa, kamar lif ɗin da ya lalace. To ki gaya mini, Iris, a duk mutanen da kika sayar wa burodi yau, wa ya isa ya shiga gaban Allah yadda yake? Kuma wa ya lalace har a jefa shi wuta? Yawancinmu a tsakiya muke, ni da ke da direban nan."

"A ina aka rubuta shi?"

"Yana cikin littattafan da kuka cire daga Littafi Mai Tsarkinku."

"Ba mu cire ba, ku kuka ƙara."

"To, shekara ɗari biyar ana wannan musu, ba a bas ɗin Omagh za a gama shi ba."

Iris ta ji dariya ta taso mata, ta danne. Dympna ta ci gaba, ta ce ita ba ta yi karatu irin na fada, limamin cocinsu, ba, amma ga yadda uwarta ta fahimtar da ita. Ta tambayi Iris ko ta taɓa barin Mervyn ya shiga falonta da takalman da ya zaga gonakin mutane da su yana ɗaukar madara. Iris ta ce ko a mafarki. Duk garin ya san tabarmar roba da ke bakin ƙofarta ta baya.

"To shi ke nan. Ba korarsa kika yi ba. Gidansa ne, abincinsa na kan wuta, yana jin ƙamshi. Amma sai ya tsaya a bakin ƙofa ya cire laka tukuna. Mu kuma da muke nan, muna taya su kwance igiya ne kawai."

Iris ta ce Rabaran zai ce Yesu ya riga ya wanke lakar duka. Dympna ta ce ai shi ne ruwan wankin, ba ta ce wani ne ba. Daga nan tambayoyin Iris suka ɓalle. Kwana nawa ake yi a wurin? Dympna ta ce ba wanda ya sani. To idan mutum ya riga ya shiga, ana ta yi masa addu'a a banza ke nan? Dympna ta ce fada ya ce ba ta faɗuwa ƙasa, Allah yakan miƙa ta ga wanda ba shi da kowa. Ana karanta sunayen a bainar jama'a? A'a, a akwati suke zama a gaban bagade wata guda, kowane Mas a haɗa da su, ba wanda ke buɗewa. Iris ta sake zaro takardar ta duba sunan da ke layi na sha ɗaya.

"Packie? Packie ɗin da ya kwana a cikin kwata ranar bikin 'yarsa?"

"Kawuna ne, ki yi hankali. Shekara goma sha huɗu ɗanki na zaune kusa da shi, ban ji wani ya yi ƙorafi ba."

Wannan karon dariyar ta kuɓuce wa Iris, har wani dattijo a gaba ya waigo. Da ta lafa, sai ta yi tambayar da take ta kewayewa tun safe. Idan fa ba a bakin ƙofa yake ba? Idan can ƙasa yake?

Dympna ta juyo ta dube ta.

"To babu takardar da za ta fito da shi. A nan bakinmu ɗaya da ku. Amma wa ya gaya miki can yake?"

"Mervyn bai faɗa ba, amma abin da yake nufi ke nan."

"Mervyn direban madara ne, Iris."

Malachy yana ɗaki mai gado shida, kusa da taga. Shanyewar ɓarin jiki ta karkatar masa da baki, hannunsa na dama na kwance a kan bargo kamar ba nasa ba. Da ya ga Iris a bayan matarsa, ya ga farin ambulan a hannunta, sai ya rufe ido na ɗan lokaci, ya ce wa Dympna wata kalma da ba ta fita sosai ba, amma kowa ya gane ba yabo ba ne. Dympna ta ce ya yi ta zagi, likita ya ce motsa baki na da amfani, sannan ta ɗauki butar ruwa ta fita, ta bar su.

Maganarsa a hankali take fita, kalma na jan kalma, Iris kuwa ta jawo kujera ta zauna, ba ta katse shi ba. Ya ce a kakar farko bayan rasuwar Colin ne, suna wanke tankoki a harabar kamfani, Mervyn ya hango ambulan ɗin a gaban motar Malachy. Ya yi masa tsiya son ransa, ya ce wato har Allah ma sai an cike masa fom. Malachy ya rama, aka yi dariya, aka wuce. Bayan kwana biyu, suna cin abinci a benci, Mervyn ya tambaye shi, yana kallon burodinsa, ko fada yakan duba sunayen ya ga na wane ɓangare ne. Malachy ya ce ba mai dubawa. Sai da suka gama ci, suka tashi, Mervyn ya ce, "Bar mini layi ɗaya."

A kan sitiyari yake rubutawa, in ji Malachy, da alƙalamin da yake cike takardar awon madara. Yakan rufe ƙofar mota, ya daɗe a ciki fiye da abin da suna ɗaya ke bukata, sannan ya fito ya miƙa ambulan ɗin kamar mai miƙa kayan sata. Bai taɓa cewa na gode ba. Amma washegari Malachy yakan tarar da buhun tuffa a kujerar motarsa.

Iris ta tuna itacen tuffa da ke bayan gidanta, da yadda kowace kaka take mitar cewa 'ya'yan sun ragu, Mervyn yana ɗora wa tsuntsaye laifi.

"Ya yarda da shi?" ta tambaya. "Abin da nake so in sani ke nan, Malachy. Ya yarda?"

Malachy ya girgiza kai a kan matashi.

"Na tambaye shi sau ɗaya. Ya ce ko kaɗan. Ya ce ƙirƙirar mutane ce. Na ce to don me kake cinye mini layi?" Ya tsaya ya haɗiye yawu da ƙyar. "Ya ce, ni na kore shi daga gida ranar, Malachy. Na ce kada ya dawo sai ya gyara halinsa. Idan akwai ƙofa ɗaya da ba a kulle ba, ko ta maƙwabta ce, zan ƙwanƙwasa."

Iris ta san sun yi faɗa ranar. Tana wurin aiki aka yi, kuma da ta dawo Mervyn ya ce mata yaron ya fita ne kawai. Ba ta san an kore shi ba sai yanzu. Ta ɗora hannu a kan ƙarfen gadon, ta riƙe.

"Me ya hana shi gaya mini?"

"Ya ce idan laifi ne, ya tsaya a kansa shi kaɗai. Ke yana so ki zauna da tsabtarki."

Malachy ya faɗi wannan ne don ya sanyaya mata rai, kuma da wata ce da ta ji sanyi. Iris fushi ta ji, irin wanda ba ta taɓa ji ba a shekara arba'in na aure. Mutumin nan ya ɗaga ta daga kan gwiwoyinta, ya kulle mata baki, ya bar ta shekara goma sha huɗu tana wucewa ta ƙofar ɗakin ɗanta da addu'a maƙale a maƙogwaro, shi kuwa kowace kaka yana da motarsa da alƙalaminsa da layinsa. Sun kwana gado ɗaya, kowa da nauyinsa, alhali nauyin ɗaya ne. Kuma duk da fushin tana ganinsa a cikin motar, ƙaton mutum ya sunkuya a kan sitiyari yana rubuta sunan ɗansa a takardar da bai yarda da ita ba, sai tausayinsa ya kama ta. Ta rasa wanne za ta ajiye ta ɗauki wanne.

Ta gyara wa Malachy bargo, ta ce masa tuffa sun nuna, za ta aiko. Ya kama hannunta da hannunsa mai lafiya, ya ce ta yafe masa ɓoye mata da ya yi. Ta ce ba shi ne ke bukata ba.

Suka hau bas ɗin dawowa. Sai da suka sauka, ƙarfe huɗu da kwata, ruwa ya tsagaita, Dympna ta ce idan Iris ba ta so, ba komai, za ta kai takardar da layin a buɗe, Allah ya iya karanta farar takarda. Iris ta juya ta kama hanyar tudu maimakon hanyar gidanta, tana ɗingishi, Dympna na biye.

A bakin ƙofar shinge ta tsaya, daidai inda Mervyn ke tsayawa da hularsa. Shekararta sittin da uku a garin, ta wuce ginin nan sau dubbai, ba ta taɓa ganin cikinsa ba. Ta duba titi hagu da dama, ta ga matar mai kantin magani a tsallake tana kallonta, ta san kafin a ci abincin yamma labari ya kai kowane gida a ɓangarensu. Ta ɗaga wa matar hannu, ta shiga.

Cikin ya fi yadda take zato ƙanƙanta, kuma ya fi ɗumi. Ƙamshin kyandir ne da na man goge katako, irin man da suke amfani da shi a nasu cocin, abin da ya ba ta mamaki fiye da gumakan. Dympna ta tsoma yatsu a ruwan da ke bakin ƙofa, ta yi alamar gicciye, ta ɗan rusuna. Iris ta riƙe jakarta da hannu biyu, ta wuce ruwan, ta zauna a benci na ƙarshe da bayanta a miƙe. Tsofaffi uku ne kawai a gaba, ba wanda ya waigo. Can gaban bagade ta hango akwatin katako, farin ambulan sun cika shi har sun yi tozo.

Ta zaro alƙalamin da take rubuta odar kek da shi, ta shimfiɗa takardar a kan jakarta. Ba ta yarda da wurin jiran ba, ta bincika zuciyarta ta ga har yanzu ba ta yarda ba. Mai yiwuwa Rabaran ne ke da gaskiya, an gama komai tun a bakin gada. Amma shi ma ya ce bai sani ba, Dympna ba ta sani ba, Mervyn da ya fi kowa tabbaci ashe shi ma bai sani ba. Ta ɗora alƙalami a layi na sha biyu, ƙarƙashin Packie, ta rubuta Colin Moffett. Tana rubutawa leɓunanta na motsi, ta ɗauko addu'ar daga inda aka katse ta, ta kai ta ƙarshe. Ba ta fi kalma goma ba, ashe.

Dympna ta miƙo hannu za ta karɓa, amma Iris ba ta ɗaga alƙalamin ba. Ta saukar da shi ƙasa da layin, inda farin gefen takarda ya rage, ta rubuta wani suna da ƙananan baƙaƙe. Dympna ta leƙa, ta karanta.

"Iris, dattijon coci ne fa," ta raɗa mata. "Ku kun ce ya shiga tun watan Yuni. Idan ya ga sunansa a nan sai ya tashi."

"Ya tashi mana. Ina da magana da shi."

"Kuma ko layi ba ki ba shi ba."

"Bai kai layi ba tukuna," in ji Iris. "Ya tsaya a bakin ƙofa. Akwai laka a takalmansa."

Ta ninke takardar, ta sa a ambulan, ta lashi bakinsa ta manne. Dympna ta sake miƙo hannu. Iris ta dafa bencin gaba, ta miƙe a kan gwiwarta mai ciwo, ambulan ɗin na hannunta.

"A cikin akwatin kawai ake sawa," ta tambaya, "ko akwai abin da ake faɗa?"